Wahalar Shekara da Hukuncin Yini Guda

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, zafi ya kai maƙura a Abala ana zuba ido ga hadarin farko, akwai wata gardama da ke tashi a fadojin samari, ba ta lafawa sai an kira sallar isha'i. Ba ta Real Madrid da Barcelona ba ce, wannan kam abincin kullum ce. Ta ƙananan ƙungiyoyi ce, masu fafutukar hayewa daga rukuni na ƙasa zuwa na sama. Tambayar guda ce: ƙungiyar da ta shekara tana tara maki har ta ƙare a gaban ƴan'uwanta, daidai ne a ce sai ta sake karawa da waɗanda ta bari a baya, a wasan cike gurbi, kafin a bar ta ta hau? Ni tsohon malamin makaranta ne, na hura usur a filayen ƙasar Kurfai tun zamanin Samariya, shi ya sa idan abin ya yi zafi sai a turo yaro: "Baba, ka zo ka raba mu." Abin da nake gaya musu guntu-guntu shi nake so in tattara wuri guda, domin maganar ta wuce ƙwallo nesa.

A Ingila aka fi jin labarin wannan tsari, kuma can yaranmu suka fi sani ta gidajen kallo da wayar hannu. Tun kakar 1986 zuwa 1987 suka shigo da shi. A rukuni na biyu, wanda ke ƙarƙashin Firimiya, ƙungiyoyi 24 ne, kowace tana buga wasa 46 daga Agusta zuwa Mayu. Biyun farko su haye kai tsaye. Gurbi na uku kuwa, shekara da shekaru, ta uku zuwa ta shida ne suka yi ta kokawa a kansa: a yi gida da waje, biyun da suka tsira su haɗu a filin Wembli na Landan, wadda ta ci ta hau, wadda aka ci ta koma ta sake lale. Idan aka gangara rukuni na biyar ƙofar ta fi ƙunci, domin ƙungiya ɗaya tak ke wucewa kai tsaye, gurbin da ya rage sai an yi gumurzu.

Nan masu cewa zalunci ne suke samun hujjarsu. A 2023 Wrexham ta ƙare da maki 111, Notts County da 107. Kusan ko'ina ka kai maki 107 kai ne zakara, amma Notts County sai da ta sake ɗaura ɗamara. Boreham Wood ta zura mata biyu kafin ta farfaɗo ta ci 3 da 2 a ƙarin lokaci, sannan ta je Wembli ta yi 2 da 2 da Chesterfield, wadda ta bari a baya da maki 23, sai a bugun fanareti ta sha da ƙyar. Ita Allah ya fisshe ta. York City ba ta fita ba. A 2025 ta zo ta biyu da maki 96, Oldham ta zo ta biyar da 73, nan ma tazarar maki 23, amma Oldham ta bi ta har gida ta ba ta uku da nema, ta wuce ta haye, York ta zauna inda take. Wani mai shago a kasuwarmu, duk sa'ad da aka taɓo wannan, sai ya buga hannu ya ce: "To don me aka wahalar da su wata tara? Da tun farko sai a tara su mako guda a gama!" Maganarsa tana da nauyi. Wanda ya san zafin tara abu kaɗan-kaɗan ba ya son ganin an kwashe shi a yini guda.

Samarin ɗaya ɓangaren su ma ba da ka suke magana ba. Cewa suke, idan biyun farko kaɗai za su hau, kafin a ci rabin kaka an san su, sauran kuma ba su da abin nema. Ƙungiyar da ba ta tsoron faɗuwa, ba ta kuma sa ran hawa, ƴan wasanta jiki a sanyaye suke shiga fili, magoya bayanta su yi zamansu gida, kuma irinta ce mai neman sayen wasa ke fara lalubowa. Amma idan ta shida ma tana da rabo, ta tara da ta goma ba za su sallama ba har ranar ƙarshe. Suna kafa hujja da Blackpool, wadda ta zo ta shida a 2010 ta shiga Firimiya ta wannan hanya alhali ba wanda ya sa ta a lissafi. Wani jikana ya taɓa ce mini: "Kaka, ai mai kuɗi ne ke iya jure wata tara, shi ke da ƴan wasa talatin da likita da mota. Talaka yini guda gare shi. In aka hana shi yinin, an hana shi duka." Na daɗe ina juya wannan magana, ban sami inda zan karya ta ba.

Idan aka matsa mini in zaɓa, ina tare da masu son a bar wasan cike gurbi. Amma da sharaɗi: wanda ya zo na farko a ba shi hakkinsa ba tare da an ƙara masa wata jarrabawa ba, wanda ya bi masa kuma a saka masa da wani fifiko, ya yi wasa a gidansa, ya huta yayin da na ƙasa da shi ke fafatawa. Dalilina ba daga talabijin na samo shi ba, daga aji na samo shi. Na koyar da yaran da suka riƙe na ɗaya tun daga buɗe makaranta har rufewa, ranar jarrabawar ƙasa ta zo zazzaɓi ya kama ɗaya, wani hannunsa ya yi ta rawa ya kasa rubuta ko sunansa daidai. Na ga kuma ɗan tsakiyar aji, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya zauna cikin natsuwa ya amsa abin da ya sani, ya wuce. Babu malamin da wannan bai taɓa ƙona wa rai ba. Amma duniya ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin cewa aikin shekara kaɗai zai isar masa ba. Aikin shekara shi ke kai mutum bakin ƙofa, sai wata rana guda ta zo a ce masa, to nuna. Haka neman aiki yake, haka neman aure, haka tsayuwa gaban alƙali. Abin da malami zai yi wa almajirinsa shi ne ya shirya shi ga duka biyun.

Wani wasan ƙarshe na gasar babban hutu ya tabbatar mini da haka. Filin yashi ne, an ja layukansa da toka, sandunan gola ba raga, yara sun yini suna tsince ƙarangiya daga gefen da mai tsaron gida zai faɗa. Ƙungiyar unguwar da ta cinye duk wasanninta na rukuni ta haɗu da wadda ta shigo zagaye na biyu da ƙyar da jiɓin goshi. Aka tashi babu ci. Rana ta yi ja, magariba ta gabato, na ce a tafi bugun fanareti. Na auna taku goma sha biyu da ƙafata, na dangwala toka. Ƴan babbar ƙungiyar suka tsaya suna nuna juna, kowa na cewa wane ya fara. Ƙananan kuwa tuni sun jeru, kowa ya san lambarsa. Ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ya zo, ya gyara takalminsa na roba, ya waiwayi jama'a, ya ɗaga ƙwallon ta bi ta saman sanda ta faɗa garken awaki. Ƙaramin yaro daga ɗaya gefen ya zo, bai dubi kowa ba, ya gangara ta a hankali can kusurwa. Da aka watse jama'a na ta cewa sa'a ce. Washegari mai horar da ƙananan ya gaya mini cewa tun ranar da aka raba rukuni, kowace yamma bayan atisaye sai kowane yaro ya buga fanareti kafin ya tafi gida, domin ya san idan za su kai labari ta nan za su kai. Rabo na Allah ne, ba mai musu. Amma da yawa daga abin da muke kira sa'ar yini guda, aikin da wani ya yi ne lokacin da ba a ganinsa.

Abu na biyu da shekaru suka koya mini shi ne, adalci ya fi rataya ga sanin doka tun kafin a hura usur, fiye da irin dokar kanta. Ƴan Nijar mun fi kowa sanin wannan, domin ta haka ƙungiyarmu ta ƙasa, Mena, ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka. A wasannin neman gurbin 2012 an haɗa mu da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu da Saliyo. Ƙarƙashin Haruna Dula mun cinye duk wasanninmu uku na Yamai, har da ci ɗaya da nema da Musa Ma'azu ya zura wa Masar, aka kuma cinye mu a duk ukun waje. Ranar 8 ga Oktoba 2011 Masar ta ba mu uku da nema a Alƙahira. A ranar nan Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo a gida. Da suka ji labarin Alƙahira sai suka koma riƙe ƙwallo suna kare canjaras, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba. Aka tashi babu ci, suka zagaya fili suna rawa. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon da ƙungiyoyin suka yi tsakaninsu ake fara dubawa. Mu uku muna da maki 9 kowa, amma a tsakaninmu Nijar na da 6, su kuma 5 kowace. Muka wuce.

Na tuna daren, mun kewaye rediyo jiki a mace saboda ukun da aka ba mu, kafin labari ya juya gari ya ɗauki sowa. Ba wanda ya zalunci Afirka ta Kudu. Dokar tana rubuce tun kafin a buga wasan farko, su ne ba su karanta ba. Shekara ta zagayo, hanyar zuwa gasar 2013 ta zama ta gida da waje: Gini ta ci mu ɗaya a Konakiri, muka ci ta biyu a Yamai a Oktoban 2012, muka sake wucewa. Sau ɗaya ta lissafin teburi, sau ɗaya ta hukuncin yini guda, kuma duka biyun halal ne, tunda kowa ya shiga da saninsa. Rigingimun da na raba a filayenmu, mafi yawansu ba a kan ƙwallo suka tashi ba. Sun tashi ne don an fara gasa ba a faɗi abin da za a yi idan maki ya zo ɗaya ba, ko shekarun da ɗan wasa ba zai wuce ba, ko ɗan wata unguwa zai iya buga wa wata. Sai an kai gaɓar da kowa ya ga inda amfaninsa yake, sannan a zauna yin doka, a lokacin kuwa babu mai sauran adalci a zuciyarsa. Haka yake a rabon gado da iyakar gona da kuɗin adashi. Magana tun ran gini, tun ran zane.

Abu na uku ya fi ɗaci. Doka komai kyanta ba ta tsare kanta, mutane ke tsare ta. A watan Yulin 2013, a wasannin cike gurbi na ƙananan ƙungiyoyi da aka yi a Bauci, Plateau United Feeders da Police Machine suka zo da maki ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba wadda za ta hau. A wasan ƙarshe Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ɗaya na da 7, ɗaya na da 6, wato a minti 45 na biyu aka zura 72 a fili guda, 61 a ɗayan. Hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta kuma haramta wa ƴan wasa da jami'an da ke da hannu ƙwallo har abada. Duniya ta yi ta dariya, ni kuwa tausayi ya kama ni. A cikin yaran nan akwai waɗanda da an bar su da gumin kansu da sun ci abinci da ƙwallo, manya suka zauna suka ƙulla abin da ya rufe musu hanya tun suna samari.

Wannan cuta ba ta da ƙasa. A wata gasa da na yi alƙalanci, daren jajibirin wasan da zai raba gardama, wani mutum ya yi mini sallama bayan isha'i, ya ajiye ƙullin goro a gefen tabarma, na ga kusurwar takardun kuɗi ta leƙo daga ƙarƙashinsa. Ya ce: "Malam, yaran nan sun wahala, a dube su gobe." Na ce masa na ɗayan gefen ma sun wahala, na miƙa masa ƙullinsa na raka shi ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi a ganinsa taimakon yaran garinsu yake yi. Bai san cewa da na karɓa, darasin da yaran za su ɗauka har tsufansu shi ne ba ƙafa ke hawar da mutum ba, aljihu ne. Matashin da ya yarda da haka a filin ƙwallo, da shi zai shiga ofis da kasuwa. Wasan cike gurbi ya fi kowane wasa jawo wannan jaraba, domin an tara komai a wuri guda. Shi ya sa ranar ta fi bukatar alƙali daga nesa, wanda aka biya hakkinsa daga asusun gasa, ba daga aljihun mai ƙungiya ba.

Ga waɗanda yinin ya juya wa baya kuwa, abin da nake gaya musu shi ne faɗuwa ba ita ce ƙarshen zance ba. Kano Pillars ta ɗauki kofin Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma a 2022 ta gangara rukuni na biyu, ita da Katsina United. Ba su watse ba, magoya bayansu ba su gudu ba, a 2023 dukansu biyu suka dawo ta gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba. Leicester a Mayun 2013 ta sami fanareti a dakikokin ƙarshe na wasan cike gurbi da Watford, da ta ci ta wuce Wembli. Mai tsaron gida ya tare, Watford ta kwashi ƙwallon a guje ta zura a ɗaya ragar, cikin ƙiftawar ido komai ya rushe. Kaka mai zuwa Leicester ba ta bar wa kowa hukuncinta ba, ta tara maki 102 ta haye kai tsaye, a 2016 kuma ta ɗauki kofin Firimiya. Wanda yini guda ya cuta yana da amsa, ita ce ya yi aikin da zai sa baɗi ba sai an kai ga yinin ba.

Hawan kansa kuma kaya ne. Luton Town ta faɗa rukuni na biyar a 2009 bayan an zaftare mata maki 30, ta yi ta rarrafe har ta shiga Firimiya a 2023 da bugun fanareti a kan Coventry. A 2024 ta sauko, a 2025 ta ƙara saukowa. Na ga irin wannan ga mutane: a yi wa mutum ƙarin girma, ya yi walima, shekara ba ta zagayo ba nauyin kujerar ya danne shi, domin shirin hawa ya yi, bai yi shirin zama ba. Duk ƙungiyar da ke neman hayewa, tun kafin ranar ya kamata shugabanninta su zauna su tambayi kansu, idan Allah ya ba mu, wa zai biya mota, wa zai ciyar da yaran, wa zai yi jinyar wanda ya karye.

Yanzu bari in dawo gida, inda abin ya fi ci mini rai. Muna gardama a kan adalcin Wembli, alhali tsanin ƙwallon ƙasarmu ƙafarsa ba ta iso Abala ba. A takarda ya cika: babbar gasa a sama, rukuni na biyu a ƙarƙashinta, gasannin jihohi a ƙasa. Amma dubi waɗanda suka daɗe suna cin gaba. Ban da tsofaffin ƙungiyoyin Yamai irin Sahel da Olympic, yawanci na ma'aikatun gwamnati ne: AS FAN ta soja, da AS GNN, da ta jandarma, da ta ƴan sanda, da ta duwan, da ta Nigelec da ta Sonidep. Ba laifinsu ba ne da suke da abin biyan albashi, wasunsu ma sun ɗaga sunan ƙasar, kamar AS FAN da ta kai zagayen rukuni na kofin ƙalubale na Afirka a 2010. Sai dai har yau idan ana lissafin lokacin da kofin ƙasa ya bar Yamai, Jangorzo ta Maraɗi a 1983 da Espoir ta Damagaram a 1984 ake ambata. Idan manyan birane irin waɗannan sai an koma shekaru arba'in baya, ina ga mu?

Abala ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Filinge, amma nisan bai ragu ba. Ƙungiyar da za ta tafi Tilaberi, babban birnin jiharmu, sai ta bi ta Tukunus da Filinge da Bonkuku da Baleyara ta shiga Yamai, sannan ta sake ɗaukar hanyar bakin kogi. Wannan kuɗin mota ne da na abinci da na kwana, ga ƙungiyar da jarinta karo-karon ƴan kasuwa ne da abin da ƴan ci-rani suka aiko. Yaran da ke buga mana a Agusta, da an gama girbi sun watse, wasu Najeriya, wasu Kwatano, wasu wuraren haƙar zinariya na arewa. Ga rashin tsaro. Tun 2017 aka sa mu cikin dokar ta-ɓaci, an yi shekaru an hana hawan babur, ƙauyukan da a da muke kai wa ziyarar wasa wasu sun tashi. Tun 2012 kuma muke zaune da ƴan'uwanmu da suka gudo daga Mali, yaransu da namu fili ɗaya suke bi da yamma, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace, ba mai tambayar wani daga ina ya fito idan ya iya ba da ƙwallo. A irin wannan hali gasar wata tara ta gida da waje ta fi ƙarfinmu. Gajeriyar gasa, wadda za a tara ƙungiyoyi wuri guda a kwana kaɗan a fitar da gwani, ita kaɗai ce ƙofar da za mu iya shiga. Gaskiyar jikana ke nan, kuma a nan ta fi tabbata fiye da Ingila.

Kuma ba sai mun je nesa neman yadda ake yi ba, kokowa ta riga ta nuna mana. Tun 1975, da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ɗan kokowa daga dandalin ƙauye yake farowa bayan kaka. Ya kayar a garinsu a san shi, a kai shi zaɓen gunduma, daga nan na jiha, har ya shiga cikin goman da za su wakilci jiharsa gaban sauran jihohi bakwai. Hukuncinta ya fi na ƙwallo tsanani, faɗuwa ɗaya ta raba ka da takobin shekarar, amma ba ka jin ana cewa zalunci ne. Dalili kuwa, kowa ya san dokar tun yana yaro, ana yi a bainar jama'a, kuma ɗan manomi na ƙauyen da ba a san sunansa ba ya san matakan da ke tsakaninsa da takobi, yana iya ƙirga su da yatsunsa. Wannan sanin shi ke sa yaro ya tashi da asuba ya yi gudu. Ɗan ƙwallon Abala ba shi da shi. Yana buga gasar hutu, a ba su kofi da ƴan riguna, a tafa, shi ke nan, baɗi a sake daga farko, ba inda nasarar ke kai shi.

Saboda haka roƙona ga hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT, da reshenta na jihar Tilaberi, da magadan gari, a sauko da tsanin nan ya taɓa ƙasa. A fara daga ƙananan hukumomi, Abala da Sanam kowace ta fitar da gwaninta a lokacin hutu, sa'ad da samari ke gida. Gwanayen gundumomin Abala da Filinge da Baleyara, waɗanda dama a da ƙasa ɗaya ce, su haɗu a Filinge da rana tsaka, da sanin hukumomin tsaro. Wadda ta ci a ɗauke mata kuɗin mota zuwa wasan cike gurbi na jiha, a kuma rubuta ƙarara cewa wadda ta ci can tana da hanyar zuwa rukuni na biyu. A karanta dokar da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fillanci gaban kowa kafin wasan farko, kada a taɓa ko harafi ɗaya nata har a gama. Ba kuɗi mai yawa wannan ke nema ba, tsayawa yake nema.

Mu dattawa ma da namu aikin, kuma shi ya fi kusa. Mu ne za mu zauna a rubuta doka tun ba a san wanda za ta amfana ba, mu riƙe asusun gasa da amana, mu mayar wa mai ƙullin goro da abinsa, mu je gidan yaron da ya zubar da fanareti mu gaishe shi kafin ƴan unguwa su karya masa zuciya. Babban filin ƙwallon Yamai sunan Janar Seyni Kunce yake ɗauke da shi, mutumin Fandu, ɗan wannan ƙasa ta Filinge. Hakkin yaranmu ne su san ta wace hanya ake bi daga filin yashin Abala zuwa cikinsa, wasa nawa ne, wa za a kayar, a wane wata. Ko za su kai ko ba za su kai ba, wannan tsakaninsu ne da ƙafafunsu da rabonsu. Buɗe hanyar da tsare gaskiyarta kuwa a wuyanmu yake, kuma za a tambaye mu.